Katakon Hilda

Shamaki, Gombe,
6 ga Afrilu, 1975.

Zuwa ga uwargidana Hilda,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni. Ina gajiyar hanya, ina kuma sanyin Jos? Yaya jikin 'yarmu Christy, yaya maigidanta Ernest? Ki gaishe mini da jikanmu, sabon angon naki, wanda tun bai gama buɗe ido ba ya raba ni da matata har kwana arba'in. Ki shaida masa aro na ba shi, ranar da aka gama wankan jego zan karɓi abina.

Gida lafiya. Kajinki suna nan cif, ina ƙirga su safe da yamma kamar yadda kika umarta. Ƙawarki Elizabet tana aiko mini da tuwo kullum. Ba zan yabi miyarta a takarda ba, ba kuma zan kushe ta ba, tun da na san duk abin da na rubuta zai koma kunnenta.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Majami'ar da 'yan'uwa suke ginawa a Tumfure ta sami rufin kwano, saura ƙyaure. Ƙofar mai faɗi ce, ta ƙyaure biyu: na dama wajen maza, na hagu wajen mata, kamar yadda ake zama a ciki. Kin san yadda garin nan ya koma tun da arzikin man fetur ya shigo. Kowa ya zama mai gini, 'yan kwangila sun kwashe busasshen katako kaf, abin da ya rage a kasuwa ɗanye ne, in ka sa masa zarto har ruwa yake fitarwa. Dattawan majami'ar sun sa wani ya haɗa musu ƙyaure da irinsa. Cikin mako uku zafin rana ya murɗe shi, har kare yana shiga ta ƙasa ba tare da ya sunkuya ba. Dole aka cire. Tun daga nan awakin ƙauyen suka mai da wurin gidansu. Ranar Lahadin da ta wuce mun tarar wata ta haihu a bayan teburin mai bishara Noah, sai da aka jira ta gama lashe 'ya'yanta kafin a fara sujada.

A wa'azinsa na ranar, Noah ya ce babu abin da ke hannun mai bi wanda ba ajiya aka ba shi ba, ko gona ce, ko murya, ko sana'a, kuma Mai ajiya yakan waiwayi ajiyarsa. Bai dubi inda nake ba. Amma ni na dubi hannuwana. Shekara talatin da ɗaya ina aikin kafinta, shekara huɗu ke nan da na ajiye aikin hukuma na rataye zarto, ina ganin fansho ya sallame ni. Ban taɓa tambayar kaina ko Wanda ya ba ni hannun ya sallame ni ba.

Da na komo gida na shiga ɗakin ajiya, na sa tsani, na hau inda katakon maɗacin nan goma suke. Shekara goma sha uku ke nan da na saye su, tun lokacin da aka kayar da itacen don share hanyar jirgin ƙasa: biyar na akwatin da za a binne ni a ciki, biyar naki. Kin san kowace shekara nakan juya su in shafa musu mai. Sun bushe sarai, in ka ƙwanƙwasa sai su amsa kamar ganga, gara kuma ba ta kusantar su saboda ɗaci. A duk Gombe ban san inda za a sami irinsu yanzu ba. Na sauko da biyar nawa, na kai Tumfure. Na gaya wa Ubangiji cewa a ranar da ya kira ni, duk abin da yara suka samu su sa ni a ciki.

Na auna, biyar ɗin ƙyaure ɗaya za su yi: huɗu a tsaye, na biyar a yanka shi ya zama gicciyen da zai riƙe su ta baya. Naki biyar suna nan inda suke. Na san alkawarin da ke kansu, ban manta ba.

Ki riƙa sa rigar sanyi in za ki fita hura wutar ruwan wanka. Allah ya raya yaron, ya ƙara wa Christy ƙarfi.

Ni ne maigidanki,
Cornelius Yuguda.


Shamaki, Gombe,
20 ga Afrilu, 1975.

Zuwa ga abar ƙaunata Hilda,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke da dukan mutanen gidan. Ina fatan kina lafiya, mai jego tana samun ƙarfi, angon naki kuma yana barin ku kuna runtsawa. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da kika ce kin yi murna da na koma ga zarto. Na ji kuma gargaɗinki a kan hawan tsani.

Ƙyauren dama ya tsaya. Kwana tara na yi a kansa, ina tafiya a keke da sanyin safiya, ina komowa da la'asar. Hilda, na manta yadda ƙanshin maɗaci yake in ana goge shi. Rana ta farko kafaɗuna sun yi ƙorafi, a rana ta uku suka tuna aikinsu. Da na kafa shi na tura da yatsa ɗaya, ya tafi shiru, ya komo shiru. Na tsaya ni kaɗai a bakin ƙofar na yi godiya, domin ban yi zaton sauran irin wannan farin ciki ya rage mini a duniya ba.

Maƙwabcinmu Malam Iro ya sami abin yi da ni. Ya ce shi dai bai taɓa gane mu ba: mutum da ransa da lafiyarsa ya tanadi akwati yana shafa masa mai kamar amarya, alhali su Musulmi ƙyalle fari ya ishe su. Ya ce yanzu da na mai da nawa ƙofa, ranar da na mutu sai a ciro ƙofar a ɗora ni, a huta. Na ce masa in ya riga ni zan ba da aron ta a ɗauke shi, tun da ya yi ƙiba makara ba za ta iya da shi ba. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Washegari shi ne ya aiko mini da ƙusoshi daga shagonsa, ya ƙi karɓar komai.

Na tsawaita a kan waɗannan ne domin ina jin nauyin abin da ke biye.

Ƙofa mai ƙyaure ɗaya ba ta hana akuya shiga. Wajen mata zana aka rataya, ga hadari ya fara taruwa a gabas. Ranar Talata na hau na sauko da naki biyar, da niyyar in duba su kawai. Da na duba sai na auna. Da na auna sai na ja layi da fensir. Ranar Laraba dattawa suka tambaye ni ina za a sami na hagu, bakina ya riga hankalina, na ce an riga an samu, katakon uwargidana ne. Suka yi addu'ar godiya nan take, har da ambaton sunanki. Ranar Alhamis na ɗora su a amalanke aka kai Tumfure, na sa zarto na raba ɗaya gida biyu. Sai da guntun ya faɗi ƙasa sannan na ji kamar an kira sunana. Na ajiye zarton, ban sake ɗauka ba har yau.

Ban manta da damina ta shekarar 1956 ba, ranar da Iya mahaifiyarki ta rasu, hanya ta yanke, babu katako ko ɗaya a ƙauyen. Ni na ɓalle akwatunan sabulu na haɗa abin da aka sa ta a ciki, rubutun kamfani yana nan ɓaro-ɓaro a gefe, har yara suna karantawa a bakin kabari. Sai bayan shekara guda, kina tankaɗe, kika ce mini mutuwar ba ta ƙona miki rai kamar rubutun nan ba. A ranar na yi miki alkawari cewa naki na maɗaci ne, da hannuna kuma zan yi shi.

Ga abin da na gaya wa kaina sa'ad da nake jan layin. Na ce itacen Allah ne ya tsirar da shi, shi ya ba mu abin saye, shi ya tsare shi daga gara duk shekarun nan. Na ce gara ya tsaya a bakin ɗakin sujada yana tare wa mata ruwa da ya shiga ƙasa ya ruɓe. Na ce matata mai tsoron Allah ce, abin da zan yi shi za ta yi. Har yanzu ina ganin maganar farko da ta biyu gaskiya ne. Ta ukun ce nake shakka ko ina da ikon faɗinta a madadinki.

Ina roƙon gafararki a kan wanda na yanka, ina kuma roƙon izininki a kan sauran. An sa ranar keɓe majami'ar, Lahadi ta farko a watan Yuni.

Naki, mai jiran amsa,
Cornelius.


Shamaki, Gombe,
7 ga Mayu, 1975.

Zuwa ga uwargida Hilda,

Ina gaishe ki cikin sunan Mai Cetonmu, ina gaida Christy da Ernest da yaron. Ina fatan zazzaɓin da kika ce ya taɓa Christy ya sauka. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kwana goma sha biyun da na yi ina zuwa gidan waya ina komowa hannu wofi sun fi mini kwana taran da na yi a kan ƙyaure gajiya.

Amsarki ta zo ranar Juma'a. Ban taɓa samun takarda daga gare ki mai gajeriyar gaisuwa irin wannan ba. Kin ce wa'azina ya yi kyau, in Noah ya gaji a ba ni teburin. Kin ce kin yarda katakon na Allah ne, amma kina so ki san ranar da Allah ya karɓe ajiyar daga hannunki ya damƙa mini, domin ba a sanar da ke ba. Kin ce na ba da nawa na sha daɗin bayarwa har na cika shafi guda ina ba ki labari, sannan na miƙa hannu na ɗauke naki daɗin ma, dattawa suna gode miki a kan kyautar da ba ki yi ba. Kika rufe da cewa in mai da su inda na ɗauko su.

Na karanta ina neman inda zan kare kaina, ban samu ba. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa sayar da kazarki ba tare da na tambaye ki ba. Amma da abin ya zama na Allah sai na ga kamar tambaya ba ta zama dole ba. A nan na ɓata. Baiko ga Allah, in an ɗauko shi daga hannun mutum ba da saninsa ba, ko da ɗakin sujada aka kai shi, ba baikonsa ba ne.

Ranar Asabar na ɗauki amalanke na komo da su, huɗu cikakku da guntaye biyu. Mun ratsa gari da rana tsaka, Malam Iro yana zaune a ƙofar shagonsa. Ya dube ni, ya dubi katakon, ya ce, "Malam Cornelius, an fasa mutuwar ne ko an fasa ƙofar?" Na ce masa uwargida ce ta yi magana. Ya gyara hularsa ya ce to ai shi ke nan, shi ma in matarsa Suwaibatu ta yi magana haka amalankensa yake juyawa.

Ranar Lahadi bayan sujada na tsaya a gaban dattawa na ce na yi alkawari da abin da ba ni aka ba ajiyarsa ba, su janye godiyar da suka yi har sai mai abu ta yi magana. Wani ya ce ashe mace tana da abin da ya fi ƙarfin mijinta. Noah ya amsa masa cewa ranar da za a tambayi kowa ajiyarsa, ba a jere mata a bayan mazansu za a yi ba. Ban ji daɗin tsayuwar ba, amma na fito da sauƙin zuciya fiye da yadda na shiga.

Akwai abu guda da ya kamata ki sani, a matsayina na kafinta nake faɗa, ba a matsayin mai roƙo ba. Wanda na yanka bai lalace ba. Ko da ma can sai an raba ɗaya domin a sami na wajen kai da na wajen ƙafa. Na sake aunawa sau biyu: akwatinki yana nan cikakke a cikin katakon nan, babu abin da ya ragu. In kin ce su zauna, za su zauna, zan ci gaba da shafa musu mai kamar kullum, ba kuwa za ki ga canji a fuskata ba. Ruwan farko ya sauka ranar Litinin. Na fara rubuta miki abin da ya yi wa wajen mata, sai na ga wannan ma wata hanyar matsa miki ce, na soke layin. Za mu ƙara zana ta biyu.

Ba zan sake tayar da maganar ba. Ki faɗa mini ranar da za ki taso domin in share ɗakinki, in kuma gargaɗi kajin.

Mijinki da ya yi kuskure,
Cornelius.


Shamaki, Gombe,
19 ga Mayu, 1975.

Zuwa ga ƙaunatacciyata Hilda,

Salama da alheri su yawaita a gare ki. Na yi murna da jin Christy ta warware, da kuma dalilin da ya sa kika ƙara kwanaki. Ki gaida Ernest, ki gode masa da ya yi alkawarin sa ki a jirgin ƙasa da kansa. Angon naki kuwa, ki ce masa wa'adin aro ya cika har ya wuce.

Ba ki gaya mini kin rubuta wa Elizabet ba. Ranar Asabar da hantsi ina ba kaji dusa na ji waƙa tana matsowa. Kafin in wanke hannu, mata goma sha huɗu na Zumuntar Mata sun cika tsakar gida, kowace da ɗaurin zanenta na zumunta da gammo a hannu. Elizabet ta tsaya a gabana ta buɗe takardarki, ta ce an umarce ta ta karanta da ƙarfi, ni kuma an umarce ni in tsaya in ji. Na tsaya.

Na ji inda kika ce kin yi kwana uku kina addu'a, kina jin haushina kina kuma jin haushin kanki, domin kin gane shekara goma sha tara kina riƙe da rubutun akwatin sabulu, alhali Iya da aka sa a ciki ta daɗe a wurin da babu mai karanta shi. Na ji inda kika ce ke, Hilda, da bakinki da hankalinki, kin ba Ubangiji katakonki biyar domin ƙyauren wajen mata. Elizabet ta maimaita "da bakinki" sau biyu tana dubana ta saman takardar, ban sani ba ko haka kika rubuta ko ƙarinta ne.

Ba su bar ni na taɓa ko ɗaya ba. Su suka hau tsanin, su suka sauko da su, suka ɗora a ka bibbiyu, masu guntaye a gaba. Na kawo maganar amalanke, Elizabet ta ce amalanke ya kai su sau ɗaya an ga yadda ta ƙare. Haka suka taka har Tumfure suna waƙa suna karɓa wa juna, ni ina biye ina tura keke kamar wanda aka kama da laifi. Malam Iro ya fito ya tsaya, wannan karon ya ɗaga mini hannu kawai.

Sharuɗɗanki biyu sun iso gare ni. Na farko, in haɗa ƙyauren amma kada in kafa shi sai kin zo kin riƙe shi da hannunki ana ɗaure shi. Na karɓa. Na fara aiki yau, kuma ina gaya miki naki ya fi nawa kyawun jiki, ja ne sosai, babu ƙulli ko ɗaya. Ashe tun a wancan lokaci na ware miki masu kyaun.

Na biyu shi ne wanda Elizabet ta ninke takardar ta miƙo mini ta ce in karanta ni kaɗai. Kin ce kin saki katakon amma ba ki sake ni ba. Kin ce alkawarin kashi biyu ne, maɗaci da hannuna. Kin ba Allah maɗacin, hannun kuwa yana nan a kaina, ko da katakon kasuwa ne ni zan haɗa miki, saboda haka ba ki ba ni izinin riga ki tafiya ba. Hilda, na zauna a kan turmi na daɗe da takardar a hannu. Kin san wannan ba a ikona yake ba, kuma in da za a bar mini zaɓi ba zan so in ga ranar ba. Amma tun da kin roƙa, zan kai maganar gaban Mai iko kowace safiya. A nawa ɓangaren na daina hawan tsani, na daina tuƙa keke da tsakar rana, zan kuma sha maganin nan mai ɗaci da nake ɓoyewa a bayan tulu, wanda na san kin san inda yake.

Ernest ya ce jirginku zai iso ranar Alhamis, ashirin da tara ga wata. Zan kasance a tasha tun kafin lokaci, ko da zai makara kamar yadda ya saba. Ranar Juma'a ki huta. Ranar Asabar mu tafi Tumfure tare. Ƙyauren yana da nauyi, zan sa dutse a ƙarƙashinsa ya ɗauke miki rabi, ke dai ki dafa shi ki ce mini in ɗaure.

Ubangiji ya kawo ki lafiya.

Ni ne naki har ranar da aka ba ni izini,
Cornelius Yuguda.